Komawa Sabon Tauraron Ɗan Adam: Me Ake Sauyawa a Kayan Dish, Me Ake Bari?

Duk lokacin da wata tashar talabijin ta sanar cewa ta koma sabon tauraron ɗan Adam, ko aka wayi gari tashoshin da aka saba kallo sun ɓace, shawarwari kan yi wa maigida yawa. Wannan ya ce dikodar ce ta tsufa, wancan ya ce sai an sayo babban dish, wani kuma ya ce ai sofwaya kawai za a ɗora mata komai ya dawo. Kowace daga cikin maganganun nan tana iya zama gaskiya a wani gida, ta zama asarar kuɗi a gidan da ke maƙwabtaka da shi. Tushen ruɗanin shi ne, abubuwa mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, wato “sabon setilayit”, alhali kowanne da irin gyaran da yake bukata. Akwai wanda ba ya cin ko sisi, akwai wanda sai an hau rufi, akwai kuma wanda sai an shiga kasuwa.

Kalmomin da ake ji a bakin masu haɗa dish

Tauraron ɗan Adam, ko setilayit, na'ura ce da ake harbawa sararin samaniya don ta karɓi shirye-shirye daga ƙasa ta sake watso su. Waɗanda ke ɗauke da tashoshin talabijin suna jere ne a saman layin ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, a nisan kilomita 35,786. A wannan nisa tauraro kan zagaya duniya sau ɗaya a kwana guda, daidai da juyawar ita kanta duniyar. Shi ya sa daga nan ƙasa yake kamar a tsaye wuri ɗaya, kuma shi ya sa ake kafe dish a ɗaure shi tamau a manta da shi shekara da shekaru. Kowane tauraro yana da mazauninsa, ana faɗinsa da digiri. Nilesat yana digiri 7 yamma, Eutelsat 16A yana 16 gabas, taurarin Badr na kamfanin Arabsat suna 26 gabas, Astra yana 28.2 gabas, na Nijeriya kuma, NigComSat-1R, yana 42.5 gabas.

Dish shi ne farantin ƙarfen da ke kan rufi. Ba ya cin wuta, ba ya tuna komai. Aikinsa kawai ya tattara siginar da ta iso a raunane ya cilla ta wuri guda. A daidai wurin ake ɗaura LNB, ɗan abin nan da ke bakin sandar dish, wanda ke ƙara wa siginar ƙarfi ya sauko da ita matakin da za ta iya bin waya zuwa ɗaki. Dikoda, wadda wasu ke kira risiba, ita ce akwatin da ke mayar da siginar hoto da murya.

Firikwansi shi ne abin da masu sauraron rediyo suka sani da mita. Tiransifonda kuwa sashe ne a cikin tauraro da ke watsa rukunin tashoshi a kan firikwansi ɗaya, shi ya sa tashoshi kan ɓace a tare, goma ko ashirin lokaci guda. Tare da firikwansi ana ba da harafin H ko V, ma'ana siginar a kwance take zuwa ko a tsaye, da wata lamba da ake kira simbol ret, wato saurin zubowar bayanai. Idan mai haɗawa ya ce zai yi tirakin, yana nufin zai juya dish har ya kamo tauraro. Sikanin kuma shi ne a sa dikoda ta binciko tashoshin da ke kan tauraron da aka riga aka kamo.

Me ke sa tashoshi ƙaura?

Tauraro ba ya dawwama. Galibi ana ƙera shi ya yi shekara 15, kuma abin da ke fara ƙarewa shi ne man da yake ƙonawa kaɗan-kaɗan don ya tsaya a mazauninsa. Idan man ya kusa ƙarewa sai a tura shi sama da kusan kilomita 300 a kashe shi, wani ya gaje shi. Wani lokaci ma ba ya kai wa'adinsa. NigComSat-1, da aka harba a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukansa masu zuƙar hasken rana. Amos-5, da ke digiri 17 gabas ɗauke da tashoshin Afirka masu yawa, ya yi shiru kwatsam a Nuwamban 2015, tashoshin da ke kansa suka watse neman mafaka a wasu taurari. Intelsat 33e kuwa tarwatsewa ya yi a sama a Oktoban 2024.

Amma mafi yawan ƙaura ta kuɗi ce. Tasha haya take biya a kan tiransifonda, kuma da kuɗin waje take biya. Idan ta sami inda ya fi sauƙi, ko inda masu kallon da take nema suka fi taruwa, sai ta tattara ta koma. Mai kallo shi ne na ƙarshen sani.

Ba kowane “sabo” ne ke sa a hau rufi ba

Idan sabon tauraro ya gaji tsoho a mazauni ɗaya, yawanci ba a taɓa komai. Misali na kusa shi ne digiri 36 gabas, inda dish ɗin masu DStv a Afirka ta Yamma ke kallo. An harba Eutelsat 36D a watan Maris na 2024 don ya karɓi aikin Eutelsat 36B da ke can tun 2009, kuma masu kallo ba su kwance dish ba. Haka aka ƙara Nilesat 301 a digiri 7 yamma a 2022, da Badr-8 a 26 gabas a 2023. A irin wannan yanayi, iyakar abin da ake bukata shi ne sikanin, ko shigar da sabon firikwansi da hannu. Duk wanda aka sayar wa sabon dish a kan wannan, an ci kuɗinsa ne kawai.

Idan kuwa tashar ta koma wani mazauni dabam, dole a juya dish. A nan ne aikin gwani ke bayyana. Daga Kano, mai neman Nilesat yana fuskantar kudu maso yamma, a ɗage sama da kusan digiri 67. Mai neman Eutelsat 16A, inda Arewa24 ke fita kyauta, yana fuskantar kudu maso gabas a kusan digiri 73, kusan saman ka. Na 36 gabas ya fi karkata gabas, a kusan digiri 55. Wurin da dish ke zaune lafiya jiya yana iya zama bai dace da sabon tauraro ba, domin katanga, tankin ruwa ko bishiyar darbejiya na iya tare hanya. Kuma kallon ido yana yaudara: ƙaramin dish irin wanda sandarsa ke fitowa ta ƙasa yana kallon sama da inda fuskarsa ke nunawa da digiri ashirin da wani abu.

Akwai kuma wani abu da masu koyon sana'ar daga bidiyoyin Turai kan yi tuntuɓe a kai, wato murɗa LNB a cikin maƙalarsa. Saboda kusancinmu da ikwaita, murɗin da ake bukata a nan ya fi na can yawa nesa ba kusa ba. A Kano, tauraron 36 gabas yana son murɗin da ya haura digiri 60, Nilesat kuma kusan 50 ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya juya dish daga yamma zuwa gabas ya bar LNB yadda yake, zai sami wasu tashoshi, wasu su ƙi, sai ya ɗora wa dikoda laifi.

Yanayi na uku shi ne inda tashar ta sauya salon watsawa ko zangon da take fita. Wannan ne ya fi tilasta sayen sabon kaya, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Girman dish: babba ba kullum ya fi ba

Tauraro ba ya watsa sigina ko'ina daidai wa daida. Yana haskawa ne kamar tocila, tsakiyar hasken da ƙarfi, gefensa dishi-dishi. Kamfanoni kan wallafa taswirar inda hasken kowane tauraro ke sauka. Taurarin da aka auna haskensu kan Afirka kudu da Sahara, irin na 16 da 36 gabas, ko hasken Afirka ta Yamma na Astra da Multi TV ta Ghana ke amfani da shi, ana kama su da dish na santimita 60 zuwa 90. Nilesat da Badr kuwa an auna su ne kan ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka, mu a gefen hasken muke. Shi ya sa mai son tashoshin Larabawa a Arewa yake kafa dish na mita 1.8 ko fiye, kuma gwargwadon yin kudu, gwargwadon ƙaruwar girman da ake bukata. Abin da ya ishi mutumin Agadas ba lallai ya ishi na Kaduna ba.

Lissafin a fili yake: idan aka ninka faɗin dish sau biyu, siginar da yake tarawa ta ninku sau huɗu. Sai dai babban dish yana da nasa sharaɗi. Ƙarami na santimita 60 yana yafe kuskuren saiti kaɗan, domin faɗin ganinsa ya kai kusan digiri 3. Na mita 1.8 bai wuce digiri ɗaya ba, don haka ɗan motsi ya isa ya ɓatar da hoto. Ga shi kuma yana tare iska. Guguwar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ba ta barin babban dish da aka kafa a kan siririn ƙarfe ko aka danne da bulo. Yawan ƙorafin “sabon dish ɗina ya daina aiki” daga gindinsa yake, ba daga sama ba.

Zangon C, zangon Ku, da shigowar 5G

Talabijin na tauraro yana fita ne a zango biyu manya. Zangon C yana tsakanin gigahaz 3.4 zuwa 4.2, zangon Ku kuma daga 10.7 zuwa 12.75. LNB na ɗaya ba ya jin ɗayan. Wanda tasharsa ta bar C ta koma Ku dole ya sayi LNB na Ku, kuma ya gyara lambar LNB a cikin dikoda: na C yawanci 5150 ne, na Ku irin na gama-gari kuma 9750 da 10600. Kuskure a wannan lamba kaɗai ya isa ya hana tasha ko ɗaya fitowa, ko da saitin dish ya yi daidai.

Tsohon babban dish mai raga da aka yi don zangon C yana iya kama Ku, amma in ramukan ragar manya ne sigina za ta zurare, domin tsawon igiyar Ku kusan santimita biyu da rabi ne, na C kuwa ya kai bakwai da rabi. Haka nan LNB da aka ƙera don ƙaramin dish mai sanda a ƙasa ba ya ba da cikakken amfani a kan babba mai ƙafafu da ke riƙe LNB a tsakiya.

Masu haɗawa sun rabu a kan wanne ya fi tsakanin C da Ku. Masu son C suna kafa hujja da damina: ruwan sama mai ƙarfi yana shanye siginar Ku, hoto ya daskare, alhali C ko a jikinsa. Masu son Ku suna cewa ƙaramin dish ya fi arha, ya fi sauƙin kafawa a gidan haya, kuma yawancin sababbin tashoshi can suke zuwa. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙara wa ɓangare na biyu nauyi. A Disamban 2021 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 don 5G, MTN da Mafab suka saya, daga baya Airtel ya biyo. Wannan zango yana cikin yankin da LNB na C ke saurare, kuma ƙarfin turken waya da ke unguwa ya ninka na tauraron da ke nisan dubban kilomita ba adadi. Sakamakon shi ne hoto mai yankewa a gidajen da ke kusa da turke. Maganinsa LNB mai matata da ke toshe zangon 5G, ba sabuwar dikoda ba.

Yaushe dikoda ke zama tsohon yayi?

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata dikoda ta iya. Na farko salon da siginar ke zuwa: tsohon shi ne DVB-S na tsakiyar shekarun 1990, sabon kuma DVB-S2 na 2005. Na biyu yadda aka dunƙule hoton: MPEG-2 shi ne tsoho, sai MPEG-4, sai HEVC, wanda ake kira H.265, na 2013. Tashoshi na komawa sababbin ne saboda suna ba su damar cusa tashoshi masu yawa, ko hoto mai tsabta na HD, a hayar da ba ta ƙaru ba.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Dikodar da ba ta san DVB-S2 ba ba za ta ma ga tiransifondar ba. Wadda ta san S2 amma ba ta san salon hoton ba za ta kamo sunan tashar, sau da yawa har murya ta fito, allo kuma ya tsaya baƙi. Sabuwar dikoda tana karanta tsohon salo, tsohuwa ba ta karanta sabo. Sofwaya, wato manhajar da ke tafiyar da dikoda, tana iya gyara jerin taurari ko wata 'yar matsala, amma ba ta ƙara wa na'ura abin da ba a ƙera ta da shi ba. Wannan gaɓa ce da ake yawan karɓar kuɗin mutane a banza.

Wani ruɗanin kuma tsakanin S2 ne da T2. DVB-T2 na eriya ne, wadda ke kamo sigina daga turken ƙasa, irin tsarin GOtv. Akwatin T2 ba ya aiki da dish. Akwai masu haɗa biyun, 'yan kasuwa na ce musu kombo, kuma wasu talabijin na zamani suna zuwa da S2 a cikinsu, ba sa bukatar akwati.

A allon saiti akwai layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na inganci, wanda masu sana'ar ke kira kwaliti. Na farko yana tashi da zarar LNB ya sami wuta, ko da dish ɗin bango yake kallo. Na biyun ne shaidar an kamo tauraro. Kafin a yanke wa kowane kaya hukunci kuma, a duba waya. Ruwa kan shiga ta bakin mahaɗinta a kan rufi ya ci ƙarfen, rana ta busar da robar ta tsage. Waya ce mafi arha a cikin kayan, kuma ita aka fi mantawa da ita.

A bar tsohon, a ƙara sabo

Gidaje da yawa ba sa son rabuwa da tauraron da suke kai. Maigida na son tashoshin Makka da Madina da labarai, uwargida na son wasannin Hausa, yara na son ƙwallo. Hanyar haɗa taurari ita ce 'yar na'urar da ake kira DiSEqC, 'yan sana'a na cewa daisek, wadda kamfanin Eutelsat ya ƙirƙiro. Samfurin 1.0 yana haɗa LNB huɗu a waya ɗaya, 1.1 yana kai 16. Tana saurin ƙonewa idan aka jona ta dikoda na kunne.

Idan taurarin maƙwabta ne, kamar 26 da 28.2 gabas, ana iya jera LNB biyu a dish ɗaya, in dai hasken kowanne ya isa wurin. Na gefen yana rasa ɗan ƙarfi, kuma a juye ake ɗaura shi: tauraron da ke gabas, LNB ɗinsa ta yamma yake zama. Amma tsakanin Nilesat da 36 gabas akwai digiri 43, wannan sai dish biyu.

Wasu na ganin gara a sa mota mai juya dish, a huta da tara faranti a kan rufi. A takarda hakan ya fi. A aikace, motar tana son turken da ya miƙe sak, tana ɗaukar lokaci kafin ta kai tauraro na gaba, kuma inda wuta ke ɗaukewa a tsakiyar juyi, ga ƙurar hunturu, tana yawan neman mai gyara. Ga gidan da taurari biyu ko uku suka ishe shi, kafaffen dish da daisek ya fi kwanciyar hankali.

Abin da sabon kaya ba ya bayarwa

Kamo tauraro dabam, buɗe tasha dabam. Tashoshin kyauta suna fitowa a kowace dikodar da ta dace. Na kuɗi a kulle suke, sai da akwatin kamfanin da biyan wata. Mai kallo a Maraɗi ko Damagaram da ya juya dish zuwa 22 yamma, inda Canal+ ke watsawa ta SES-4, zai ga sunayen tashoshi birjik, amma ba za su buɗe ba sai ya biya. Akwatunan da ake tallatawa da alkawarin buɗe komai ta intanet suna aiki ne da satar mabuɗi. Sukan mutu duk ranar da kamfani ya sauya kulle, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haramta karya irin wannan kariya.

Haka nan babu kayan da ke hana ɗaukewar 'yan mintoci da ake gani wajen watan Maris da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da rana ke bi ta bayan tauraro ta rufe siginarsa. Kwanaki kaɗan ne, kuma da kansa yake wucewa.

Abin da ke tafe

Batun ya wuce na gida ɗaya, ya taɓa manufar gwamnati. Nijeriya ba ta cika wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015 na barin tsohon tsarin talabijin zuwa na dijital ba. An ƙaddamar da shirin a Jos a Afrilun 2016 ta hanyar turakun ƙasa, ya yi ta tafiyar hawainiya. A 2025 hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, da kamfanin NigComSat suka sanar da shirin kai tashoshin kyauta gidaje kai tsaye ta tauraro. Masu goyon baya na cewa tauraro ɗaya ya game ƙasar baki ɗaya, har ƙauyen da turke ba zai taɓa zuwa ba. Masu suka, ciki har da masu ƙera akwatunan tsarin farko, na tambayar makomar jarin da aka riga aka zuba, da kuma wanda zai biya wa talaka kuɗin dish da na mai haɗawa.

Wasu kuma na ganin intanet za ta shafe zancen gaba ɗaya, musamman tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023. Amma farantin Starlink ba na talabijin ba ne, da taurarin da ke gudu a nisan kusan kilomita 550 yake magana, kuma kallo ta intanet kullum sai an sayi data. Dish na tashoshin kyauta sau ɗaya ake biyansa. Muddin wannan bambanci yana nan, zai daɗe a kan rufin gidajen Arewa da na Nijar.

Abin da ya kamata mai niyyar juyawa zuwa 42.5 gabas ya sa a lissafi shi ne shekarun tauraron. An harba NigComSat-1R ne a Disamban 2011 da wa'adin shekara 15, don haka maganar magajinsa ta riga ta taso. Idan magajin ya zauna a mazauni ɗaya, da zango ɗaya, da hasken da ya kai na yanzu ƙarfi, masu kallo sikanin kawai za su yi. Idan ɗaya daga cikin ukun ya sauya, za a sake kiran mai tsani.